Mai Riƙe Ƙarshen Igiya

Talata, 13 ga Mayu, bayan azahar

Wannan littafin na rubuta abinci ne. Da aka yi mini aikin rage ciki a Legas, shekara biyu da wata huɗu ke nan, likita ya ce duk abin da ya shiga bakina in rubuta. Na yi wata uku ina fama: kunu cokali shida, rabin ƙwai, kifi kamar yatsu biyu. Daga nan na gaji na wurga shi saman durowa. Yau na sa Raihana, matata, ta sauko mini da shi, na ce zan koma rubuta abinci. Ta ji daɗi. Ba abinci zan rubuta ba.

Na dawo daga kwata da wuri. Ta ce, "Baban Barira, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, kasuwa ce ba ta ci ba.

Cinyar sa guda ce fa kawai na ɗaga. Cinyar da nake saɓawa ina gardamar ƙwallo da mutane. Ba ma babba ba ce.

Laraba, 14 ga Mayu, hantsi

A zaune na yi asuba, a ɗaki, na turo ƙofa. Na ce mata mura ce ta hana ni masallaci. An yi ruwa, don haka ƙaryar ta zauna.

Na sha romo.

Alhamis, 15 ga Mayu, la'asar

Kallamu ya zo. Shekara ashirin da biyu muna teburi ɗaya da shi a Kasuwar Ogbete nan Inugu, shi yana yanka ni ina sara, kuma har yau bai koyi shiga gidan mutane a hankali ba. Tun daga bakin get yake kirana "Turke! Turke!" duk unguwar Asata tana ji. Da Raihana ta shiga kicin sai ya matso ya rage murya.

"Hashim, na ji ƙarar nan fa. Ina bayanka lokacin da ka ɗaga."

Na ce takalmina ne ya zame.

"Takalmi ba ya cewa ƙas."

Na ce ya sha ruwansa ya tafi, teburi ba kowa. Ya tafi, amma sai da ya tsaya a ƙofa ya dube ni irin duban da muke wa dabba kafin mu saya. Na ji haushi ƙwarai.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan asuba

Atishawa ɗaya na yi na ga taurari. Lafiya ƙalau dai.

Litinin, 19 ga Mayu, azahar

Gari a rufe kamar kowace Litinin, ranar zaman gida dole a nan, ba wanda zai ce don me ban fita ba. Alhamdu lillahi.

Bari in rubuta zancen romon nan, tun da yana ta yawo a kaina. Da muka dawo daga Legas, leda guda aka haɗo ni da ita ta magani. A ciki akwai wasu fararen ƙwayoyi manya kamar alli, aka ce na ƙarfin ƙashi ne, in sha sau uku a rana har iya rayuwa. Wata rana na fito da kwalbar a kwata zan sha, sai mahauta suka yi mini caa. Ɗaya ya ce, "Mahauci ɗan mahauci, ka wuni cikin ƙashi ka kwana da warinsa, sannan ka je ka sayo ƙashi a kwalba?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. Mu muka san ƙashi. Mun san na gwiwa, mun san na ƙafa mai bargo, mun san abin da ake ba mai jego da wanda ya karye. Na dawo gida da ƙafar sa biyu na ce wa Raihana daga yau wannan ne maganina.

Ta ce in haɗa biyun. Na ɗaga mata murya, na ce ita da likitan wa ya taɓa fasa ƙashi ya ga cikinsa? Tun daga ranar tukunyar nan ba ta taɓa hutawa ba. Tana ɗorawa da safe ta sauke da yamma, ta tace, ta kwashe man don cikina ba ya ɗaukar maiƙo yanzu. Kofi ɗaya kullum, shekara biyu. Har matan unguwa suna zuwa koyo.

Gwajin shekara da aka ce in riƙa komawa, ban koma ko sau ɗaya ba. Suga ya sauka, hawan jini ya sauka, daga kilo ɗari da arba'in da shida na dawo tamanin da huɗu. Me zan je in gwada?

Laraba, 21 ga Mayu, bayan magariba

Na je Anacha na dawo. Na ce wa Raihana shanu za mu duba. Kallamu ne ya matsa sai mun ga Malam Zainulabidin, wani dattijo mai ɗori da ke bayan rumfunan masu albasa a Kasuwar Ose. Hanyar nan, kowane rami sai da na san shi. Na ciji hular kaina har ta jiƙe.

Muka gaisa da dattijon, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da ruwan bana. Ya sa na cire riga na kwanta a tabarma. Na zaci zai danna ya ja kamar yadda suke yi. Yatsu biyu kawai ya bi da su, a hankali, daga wuya zuwa ƙasa. Da ya zo wurin, ban yi magana ba amma ƙafata ta yi.

Ya ce, "Daga ina ka faɗo?"

Na ce ban faɗo ba, nama na ɗaga.

Ya miƙo mini rigata. "Ɗana, ƙashin da ya karye don an buge shi, nawa ne. Wanda ya karye da kansa, ba nawa ba ne. In na taɓa ka zan cuce ka. Ka tafi asibiti a ɗauki hoto, kuma kada ka bar kowa ya yi maka tausa."

Kallamu bai ce uffan ba har muka shigo Inugu. Abin da ban taɓa gani ba ke nan.

Alhamis, 22 ga Mayu, hantsi

Raihana ta ce jallabiyata tana jan ƙasa, ko ta rage mini? Na ce telan ne bai iya ba. Shekara ɗaya ina sa ta.

Juma'a, 23 ga Mayu, la'asar

Bayan an sauko masallaci Baba Bubayero ya aiko a kira ni. Shi ne Sarkin Fawanmu, abokin mahaifina, tare suka zo garin nan a bayan motar shanu. Na durƙusa zan gaishe shi, Allah ya taimake ni akwai benci kusa na dafa.

San layyarsa ya iso daga Mubi. Ja ne, ƙahonsa kamar hannuwan mai addu'a, kuma ba ya son mutane. Al'adarmu a nan, idan liman ya yanka ragonsa, san Sarkin Fawa ne na farko da ake kayarwa, a ƙofar gidansa, gaban kowa. Igiya biyu ce, ta ƙaho da ta ƙafar baya. Ta ƙafar ita ce aikin. Mutumin da ke ƙarshenta yana naɗa ta a ƙugu ya kafa dugadugansa, idan san ya yi tsalle shi zai zauna da nauyinsa ya ɗauke masa ƙafa. Mahaifina ne ke riƙewa, da ya tsufa na karɓa. Shekara goma sha tara. Daga nan sunan Turke ya fito, don in na kafe ba sa motsa ni. Ƙibar da ta kusa kashe ni, ranar Sallah ita ce abin alfaharina.

Bara, da sabon jikin nan, san ya ja ni taku biyar a cikin taɓo. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma na ji ta. Na ce su jira baɗi.

Baba ya ce, "Turke, bana ma kai ne ko?"

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Saura sati biyu cif.

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Na je asibiti. Ni kaɗai, a keke, na ce wa mai keken ya bi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. An ɗauki hoton baya, an ɗibi jini, an kuma kwantar da ni a wani injin da ke auna ƙarfin ƙashi. Sai Alhamis.

An auna tsawona. Ban rubuta ba.

Na sha romo.

Alhamis, 29 ga Mayu, la'asar

Likitar mace ce, Inyamura, ba ta girmi Barira 'yata da yawa ba. Ta juyo mini da allon kwamfuta tana neman yadda za ta yi mini bayani. Na ce ta bari, na gani. Gaɓa ɗaya a tsakiyar baya ta lotse, gabanta ya fi bayanta gajarta. Sauran kuma ba su da duhun da ya kamata. Na san irin wannan ƙashin. Na tsohuwar saniya ne da ta sha haihuwa, wanda gatari ke shiga ba gardama, ka duba ciki ka ga kamar soso. Sau dubu nawa na sara irinsa na ce wa mai saye wannan ba ya romo.

Ta tambayi ƙwayoyin. Na gaya mata gaskiya, har da ƙafar sa. Ba ta yi dariya ba, na gode mata a kan wannan. Ta ce, "Oga butcher, soup no be medicine," wato romo ba magani ba ne. Ta ce ko an kwana ana dafa ƙashi, abin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne. Ni kuma aikin da aka yi mini ya sa abinci yana tsallake wurin da hanji ya fi tsotsar sinadarin, ga shi abin da nake ci bai taka kara ya karya ba. Nauyin da ya sauka da sauri ma ya taɓa ƙashin, don ƙashi da ɗaukar kaya yake ƙarfi. Bitamin ɗin da ake samu daga rana ya yi ƙasa sosai a jinina. Ina zan ga rana? Ina shiga kwata da duhu, in wuni ƙarƙashin kwano.

Na ce, ba ciwon tsofaffin mata ba ne wannan? Ta ce maza ma suna yi, sai dai su ba sa zuwa sai sun karye.

Ta rubuta ƙwayoyin, a raba su uku, kada in haɗa da shayi ko maganin ƙarin jini. In fara cin nama ko kifi ko ƙwai ko wake kafin tuwo ya cika ɗan cikin. In sha hantsi. In yi tafiya kullum. Ga bel na ɗaure baya. In gaɓar ta warke za a koya mini motsa jiki da ɗan nauyi, a hankali, kuma akwai wani magani da za a duba in jinin ya daidaita. Ta ce ƙashi yana farfaɗowa amma ba ya sauri, zancen shekara ake yi.

Sai na tambaye ta, kamar da wasa, in mutum ya ɗan riƙe igiya fa, na minti biyu?

Ta sa na kwatanta mata. Na kwatanta. Ta ajiye biro. Ta ce in aka fizge ni na faɗi, wata gaɓar za ta iya fashewa ta taɓa laka, kuma ba za ta yi mini alkawarin zan sake taka ƙasa ba.

Na ce na gode. Na sayi maganin a hanya na zuba a cikin takalmin robar da nake shiga kwata da shi.

Asabar, 31 ga Mayu, hantsi

Na zauna a tsakar gida rana tana dukan ƙwaurina. Raihana ta ce yau kuma shanya kai ake yi? Na ce eh, na jiƙe ne.

Ƙwaya a ɓoye, romo a fili.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Kallamu ya kawo dabara. Wai in ce Barira ta matsa sai mun yi Sallah a wurinta a Fatakwal, in tafi ranar Laraba in dawo bayan sati, ba wanda zai san komai. Na ce baɗi fa? Ya ce baɗi ma a san abin yi. Na ce wato in riƙa gudun san Baba Bubayero kowace shekara har ɗayanmu ya mutu. Ya ce to ka riƙe mana ka karye, mu huta da taurin kanka. Ya share ido ya ce hayaƙin kicin ne.

Minti biyu ne fa. Na san igiya fiye da kowa a garin nan. In na kafa ƙafa daidai, in masu ƙaho suka yi aikinsu, ba lallai ya fizga ba.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan magariba

Raihana ta je wanke takalman roba.

Ban ji ta ba sai da ta shigo ta jera kwalaben uku a kan gado, da bel ɗin, da takardar asibiti. Ta zauna a bakin gadon. Raihana ta yi sakandare, ta karanta abin da ta iya, sauran ta fahimta.

Ta ce, "Tun Talatar nan da ka dawo daga kwata da wuri?"

Na ce eh.

"Romon bai yi ba ke nan."

Na ce ba laifin romon ba ne, ba kuma laifinta ba ne, ita ta ce in haɗa biyun. Ban taɓa ce mata na yi kuskure ba tun da muka yi aure, sai yau, kuma bai fito da kyau ba. Na so ta yi faɗa. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta ce, "Shekara biyu ina tace maka ruwa."

Da la'asar na ga tukunyar a wanke, a kife a bayan kicin. Abincin yamma kifi ne da wake, ta ajiye ƙwayar a gefen faranti, ta tsaya har na haɗiye.

Talata, 3 ga Yuni, bayan asuba

Ba ta tambaye ni zancen igiya ba. Ta san ranar, ta san san.

Laraba, 4 ga Yuni, la'asar

Ta tafi kasuwa sayen kayan miya. Na ɗauko tsohuwar igiya na ɗaura a jikin mangwaron tsakar gida, na naɗa a ƙugu, na ɗan jingina baya. Kaɗan kawai. Itacen ma da ba ya tsalle.

Na daɗe a durƙushe kafin na iya kwancewa. A haka ta same ni.

Ta ajiye ledojin ta taimaka mini na miƙe, ta kai ni kujera. Sannan ta ce, "Baban Barira, ni ba zan hana ka ba, ban taɓa iya hana ka komai ba. Amma in za ka riƙe, ka fara gaya mini wanda zai riƙa ɗaga ka zuwa banɗaki. Ka faɗi sunansa yanzu in je in roƙe shi, don ni ba zan iya ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe tumatirinta ta shiga kicin.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan magariba

Ranar Arfa. Likita ta ce in bar azumi bana, na bari. Na yi tafiya har bakin titi na dawo, sau biyu.

Tsoro nake ji. Ban san wanne ya fi ba, na faɗuwa ko na buɗe baki.

Juma'a, 6 ga Yuni, bayan azahar

Sallah. An yi yayyafi da safe, ƙofar gidan Baba ta yi tsantsi. Mutane sun cika, har maƙwabta Inyamurai sun fito saman bene suna kallo kamar kowace shekara. An sa wa san igiyar ƙaho, an samu ta ƙafa da ƙyar bayan ya watsa mutane sau biyu. Mutum biyar suka jeru a kanta, suka bar ƙarshen a ƙasa. Ba wanda ya taɓa shi. Baba yana kan kujerarsa, ya ɗaga sanda ya ce, "Turke, bismillah."

Na taka har wurin. Na ga ƙarshen igiyar a cikin taɓo, na san daidai inda zan kafa dugadugaina. Ban sunkuya ba.

Na juya na ce, "Baba, a gafarce ni, ba zan riƙe ba. Ƙashina ya rarake. Na bar maganin da aka ba ni na koma shan romo, bayana ya karye sati uku da suka wuce. Likita ta ce in na faɗi ba lallai in tashi ba."

Wani ya yi dariya, ya zaci wasa ne, sai ya ga ba wanda ya taya shi. Wanda ya yi mini zancen ƙashi a kwalba yana cikin masu ƙaho, ya sunkuyar da kai. Ban riƙe shi a zuciya ba, ni na zuba kwalbar a shara ba shi ba.

Baba ya dube ni. Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan Awwalu. Ku kawo masa kujera nan kusa da ni." Sunan mahaifina ya kira. Sannan ya ce, "Wa zai kama?"

Kallamu ya fito ya naɗa a ƙugu. San ya yi yunƙuri ɗaya ya ja shi kamar tsumma. Wani ya ruga ya kama ƙugun Kallamu, na uku ya kama na biyun. Ban san lokacin da na fara ihu daga kan kujera ba, ku ba shi igiya, ku jira ya ɗaga, yanzu, ku zauna! Suka zauna. San ya faɗi ta gefen da ake so, aka yi kabbara.

Mutum uku, a wurin da nake tsayawa ni kaɗai. Ban san ko daɗi na ji ko baƙin ciki ba, ina jin duka biyun ne. Kallamu ya zo jikinsa duk taɓo yana haki ya ce, "Ashe wahala kake sha, mugu." Na yi dariya har bayan ya tuna mini.

Ban jira fiɗa ba. Na ƙi keke, na tako a hankali. Raihana ba ta je kallo ba, tana bakin get da wuƙar yankan albasa a hannu, da alama ta daɗe a tsaye. Ta dubi rigata, fara tas, ba taɓo.

Ta ce, "Ka riƙe?"

Na ce, "A'a."

Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na tsaya a kanta ban iya sunkuyawa in ɗaga ta ba. Sai na ce ta tashi mu shiga, ƙafata ta gaji, tun daga gidan Baba da ita na zo.